Kukan pulin kilim a wata Corolla: nazarin lamari daga Damagaram

## Motar da mai ita

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 1999 mai inji 1.6, irin waɗanda ake saukewa a Kwatano bayan sun gama yi wa Turawa bauta, a koro su nan su fara sabuwar rayuwa. Mai ita maƙwabcina ne, magidanci ɗan shekara hamsin da ɗoriya, sana'arsa sayar da maganin dabbobi. Ran Alhamis yana kasuwar Dole, ran Lahadi yana Mirriya, sauran ranakun kuwa duk inda kasuwa ke ci: Matamaye, Magarya, wani lokaci har Tanut. Shekara 6 ke nan motar tana hannunsa. Sa'ad da wannan lamari ya fara, agogon kilomita yana nuna 287,400.

Na'urar sanyaya mota, wadda mu nan muke kira kilim, ba kayan ƙawa ba ce a wurinsa. Yawancin kwalayen maganin da yake ɗauka an rubuta a jikinsu kada a aje su a zafin da ya wuce digiri 25 ko 30, a Damagaram kuwa cikin Afrilu da Mayu ko a inuwa zafi yana haura 40. Saboda haka kwalayen a kujerar baya suke zama, kilim kuma yana aiki tun daga tashi har sauka.

Sai an san yadda bel ɗin wannan inji suke kafin a gane sauran labarin. Guda uku ne. Ɗaya yana juya dinamo mai cajin batir da famfon ruwa, ɗaya na famfon sitiyari, na uku kuma na kilim ne shi kaɗai: ya taso daga babban pulin inji (puli shi ne kewayayyen ƙarfen da bel ke hawa), ya bi ta kan wani ƙaramin puli da ake ɗame shi da shi, ya naɗe pulin kwamfuresa, wato na'urar da ke matsa gas ɗin sanyi. Makanikanmu kurwa suke ce wa bel, boris kuma (zoben ƙarfe mai ƙwallaye da puli ke juyawa a kansa) rulma, yadda suka koya da Faransanci, masu sarin kaya daga Kano kuma su faɗi ɗayan. Kowa dai yana gane kowa.

Akwai kuma wata al'ada ta Alhajin. Duk Juma'a da safe yana kai motar wajen wanki, a buɗe kapo, wato murfin inji, a fesa wa inji gazuwal (man dizal) da ruwan omo, a bi shi da tiyo mai ƙarfi har ya yi ƙyalli. Mutum ne mai tsabta, kuma mai rubutu: yana da ɗan littafi a aljihun ƙofar mota da yake rubuta duk abin da ya kashe mata. Ranaku da kuɗin da ke cikin wannan rubutu daga nan na kwafo su.

## Tsakiyar Fabrairu: kuka da sassafe

Hazo bai gama janyewa ba ya fara jin abin. In ya tada motar bayan asuba, sai wani siririn ƙugi ya taso daga gefen dama na inji, can ƙasa, kamar yaro yana jan gwangwani a kan yashi a bayan katanga. Minti biyu, uku, inji ya ɗauki ɗumi, kukan ya ɓace. Sanyin kilim bai ragu ba, fitilar batir ba ta kama ba, allurar zafi tana inda ta saba.

Ya lura da abu ɗaya tun a makon farko. In ya danna maɓallin kilim ƙugin yana canza murya, ya yi ƙasa-ƙasa, in ya kashe ya dawo yadda yake. Bai ɗauke shi a bakin komai ba, kuma har aka yi wata biyu babu wanda ya tambaye shi.

## 3 ga Maris: aka ɗame bel

Ya kai motar garajin da yake yin bidanj, wato canjin man inji, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, bayan ya gama zagayensa a gari. Inji ya yi zafi, kuka babu. Maigidan garajin ya saurari bayanin da rabin kunne, hannunsa na cikin wata motar.

"Alhaji, ai kurwa ce ta saki. Kai yaro, ɗame masa ita."

Yaron ya sassauta notin ƙaramin puli, ya yi ta murɗa kusar ɗamewa har bel ya zama kamar tsirkiyar baka, sannan ya goga masa guntun sabulu yana juyawa. Sefa 1,000. Kwana biyu Alhaji bai ji komai ba, ko kuma ya so ya ƙi ji. Ran na uku kukan ya dawo, wannan karon kuma ko inji ya yi zafi ba ya tafiya.

Zaton maigidan ba daga sama ya faɗo ba. Bel da ya saki shi ne kukan da makaniki ya fi ji a rayuwarsa, sai dai muryarsa daban ce: ƙara ce mai tsini, "ƙiii", tana zuwa daidai lokacin da aka ɗora wa bel nauyi, kamar sa'ad da kilim ya kama ko aka murɗa sitiyari har ƙarshe. Ƙugi mai kauri da ke bin gudun inji, ya hau in an taka totur ya sauka in an saki, wani abu ne daban.

## 18 ga Maris: sabon bel

Aka ce tsohon bel ne ya ƙone. Aka sa sabo, sefa 4,500 har da ladan aiki, yaron nan ya sake ɗame shi kamar na farko. Tun motar ba ta bar garajin ba ƙugin ya taso. Maigidan ya ce sabo ne, sai ya zauna. Alhaji ya jefa tsohon a bayan mota. Da aka duba shi daga baya babu tsagewa ko ɗaya a haƙoransa.

## 5 ga Afrilu: wajen mai gyaran sanyi

Bazara ta kankama, kukan kuma ya kai inda masu shago a kasuwa suke gane isowar Alhaji kafin su gan shi. Wani abokin ciniki ya tura shi wajen mai gyaran firiji da kilim. Wannan aƙalla ya ɗaura agogunansa biyu a bututun gas. Ɓangaren ƙaramin matsi ya nuna 2.5 a ma'aunin matsi da ake kira bar, na babban matsi 17. Ga gas irin R134a a ranar da zafi ya kusa 40, wannan awo ne na na'ura mai lafiya, iskar da ke fitowa cikin mota ma tana da sanyinta. Duk da haka ya kara kunne kusa da kwamfuresa, ya girgiza kai, ya ce ta gaji, mai ya ƙare mata. Ya ƙara gwangwanin gas mai haɗe da mai, sefa 7,000, ya ce in Alhaji ya shirya akwai kwamfuresa ta hannu da za a kawo daga Kano a kan sefa 65,000, ban da gas da aiki.

Alhaji bai shirya ba, kuɗinsa na cikin kaya. Bayan ƙarin gas sanyi bai ƙaru ba. Abin da ya ƙaru shi ne in yana tsaye cikin cunkoso a gari kilim yana yankewa yana dawowa fiye da da. Kukan yana nan, ya ma fi ƙarfi.

## 16 ga Afrilu: Bakin Birji

Ya ɗauki hanyar Tanut da kaya cike da kujerar baya. Kusa da Bakin Birji, yankin matatar mai ta SORAZ, kimanin kilomita 50 arewa da gari, ƙugin ya rikiɗe ya zama gurnani irin na injin niƙa da aka zuba wa tsakuwa. Warin roba da na ƙarfe mai zafi ya shigo ta ramukan iska. Ya kashe kilim, gurnanin bai tsaya ba. Ya gangara gefen titi.

Wanda ya samu wani saurayi ne mai gyaran babura da injin ban ruwa, wanda tun farko ya ce shi bai san kilim ba. Ya leƙa ƙasa, ya tofa yawu a kan pulin kwamfuresa, yawun ya yi "cuu" ya bushe nan take. Ya bi bel ɗin da ido daga wannan puli zuwa wancan.

"Baba, wannan kurwar ba ruwanta da batir, ba ruwanta da ruwan inji. Mu cire ta, ka kai kanka gida."

Suka jira ƙarfe ya huce, ya cire bel, Alhaji ya tada mota. Shiru. Injin yana ta aikinsa sumul kamar ranar da aka saye shi. Ya ba yaron sefa 500, ya jiƙa buhu ya lulluɓe kwalayen, ya juyo gida gilasai a buɗe. Kasuwar Tanut ta wannan mako ta wuce shi.

Wannan cire bel, da aka yi don neman mafita kawai, shi ne gwaji na farko na gaskiya da aka yi wa motar. Ya wanke dinamo daga zargi, ya wanke famfon ruwa da na sitiyari da duk abin da ke cikin inji. Waɗanda ake tuhuma suka rage uku: ƙaramin puli, pulin kwamfuresa, da cikin kwamfuresar kanta.

## 19 ga Afrilu: ƙaramin puli

Ya koma garajin farko da wannan labari. Maigidan da kansa ya juya ƙaramin pulin da yatsa, ya ji yana ɗan shuu irin na boris da giris ya bushe masa, ya ce to ga ɓarawon. Aka canza boris ɗin, sefa 3,000, aka mai da bel. Wata siririyar ƙara da ke saman kukan ta tafi, gurnanin da ke ƙasa yana nan daram. Maigidan ya ɗaga kafaɗa ya ce maganar mai sanyi ce ta tabbata, sai an canza kwamfuresa. Alhaji ya sa aka sake cire bel ɗin, ya ci gaba da yawo ba kilim.

## 24 ga Afrilu: bincike

Wani direban asibiti ne ya kwatanta masa wani dattijon makaniki da ke da rumfa a bayan Birni, wanda ya yi shekaru yana gyaran motocin ƙungiyoyin agaji. Sharaɗin dattijon ɗaya ne: a kawo motar da yamma ta kwana a wurinsa, mai ita ya zo da sassafe. Na raka Alhaji, don haka abin da ke biye da idona na gani.

Kafin ya taɓa kapo sai da ya zaunar da mu a benci ya yi tambayoyi. Yaushe ya fara? Da sanyi ko da zafi? In an taka totur yana hawa? Da ya zo kan "in ka danna kilim me kake ji?", Alhaji ya ce, "Baba, ai tun ran farko muryarsa tana canzawa, amma ko na kashe ba ya bari." Dattijon ya ce a maimaita masa. Aka maimaita. Ya ce wa yaronsa ya mai da bel yadda aka zo da shi ɗaure a da, daidai alamar da noti ya bari.

Ya tada injin da sanyinsa, kilim a kashe. Gurnani. Ya sa aka danna maɓalli, muka ji "ƙas" na kamawar kuloci, wato abin da ke haɗa puli da kwamfuresa, gurnanin ya sauko ya yi kauri amma bai tafi ba. Aka kashe, ya koma. Sau huɗu aka yi haka.

A nan ya tsaya ya nuna mana yadda abin yake da ɗan sanda. Abin da ake gani a goshin kwamfuresa kamar puli ɗaya, a gaskiya abu uku ne. Akwai pulin da bel ke ja, yana zaune a kan boris mai layi biyu na ƙwallaye, boris ɗin kuma a kan wuyan kwamfuresa wanda ba ya motsi. A gabansa akwai faifan ƙarfe da ke ɗaure da sandar kwamfuresa. A bayansa akwai naɗin waya da ke zama maganaɗisu in wuta ta shige shi. In kilim na kashe, puli yana juyawa shi kaɗai, faifan da sandar suna tsaye cik. In an danna maɓalli, maganaɗisu ya fizgo faifan ya manne da puli, sai sandar ta fara juyawa, kwamfuresa ta fara matsa gas. Ma'ana, in kilim na kashe babu abin da ke motsi a cikin kwamfuresa, kuma abin da ba ya motsi ba ya kuka. Shi kuwa boris ɗin puli, muddin inji na aiki yana juyawa, a kunna ko a kashe, rani da damina. Muryarsa tana canzawa ne kawai don nauyin da ke kansa ya sauya sa'ad da faifan ya kama.

Sai ya ɗauki buta ya ɗiga ruwa a cikin haƙoran bel yana gudu. In bel ne ke santsi don ya saki, ruwa yana ƙara masa kuka. In puli biyu ne ba su daidaita a layi ɗaya ba, ruwa yana kashe kukan na ɗan lokaci kafin ya dawo. Nan ko gezau.

Gwaji na gaba sai da ya sa Alhaji ya naɗe hannun rigarsa ya cusa jelar rawaninsa a wuya, ya ce bel ba ya sanin mai mota. Ya ɗauko dogon sukudireba, ya dafa bakinsa a jikin dinamo, ya kara ƙotar a ƙashin bayan kunnensa. Ya matsa kan notin tsakiyar ƙaramin puli, sannan jikin kwamfuresa daf da wuyanta, nesa da abin da ke juyawa. Ya miƙa wa Alhaji, Alhaji ya miƙo mini. A dinamo ƙugi ne mai laushi kamar na fanka. A ƙaramin puli kusan babu komai. A wuyan kwamfuresa kuwa sai da na janye kaina, kamar ana niƙa tsakuwa a cikin haƙorana.

Aka kashe inji. Kafin a cire bel ya dafa shi da babban yatsa a tsakiya, da ƙarfin da ya ce ya kai kilo 10, ya aza ɗan ma'auni a gefe. Bel ya lotsa milimita 3. Ya ce littafin Toyota na wannan inji milimita 6 zuwa 7 ya ba sabon bel, 8.5 zuwa 9.5 ga wanda ya yi aiki, kuma bel da ya yi minti biyar yana gudu ya riga ya fita daga sahun sabo. Bai ce komai a kan wanda ya ɗame shi ba. Ya dai dubi Alhaji ya dubi bel.

Da bel ya fita ya juya pulin kwamfuresa da hannu. Ana jin ƙaras-ƙaras, yana tafiya yana cijewa. Ya kama shi sama da ƙasa ya girgiza, yana rawa har ido na gani. Ya haska tocila a bayansa: baƙin giris ya fantsama a jikin kwamfuresa ya haɗu da ƙura ya zama laka, ga kuma jan gari irin na tsatsa a bakin boris. Ratar da ke tsakanin faifan da puli, wadda ya kamata ta zama milimita 0.35 zuwa 0.65 ko'ina, ya auna ta da siraran ƙarafan awo ya samu 0.2 a gefe ɗaya, 0.9 a ɗayan, don pulin ya karkace. Inda ratar ta matse, ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi saboda goga. Warin da Alhaji ya ji a Bakin Birji ke nan.

Saura tambaya ɗaya, ita ce mai tsada. Ya kama faifan gaba da tafin hannu ya juya shi, wato ya juya cikin kwamfuresar kanta. Ta juya sumul da ɗan nauyi iri ɗaya a duk zagayen, ba cijewa, ba ƙara. Ya ɗora mita a wayar maganaɗisu, ta nuna om 3.6 a ma'aunin juriyar wuta, daidai inda ake so.

"Alhaji, kwamfuresarka lafiyarta lau. Rulmar pulinta ce ta mutu."

Duka binciken bai kai minti arba'in ba.

## 24 zuwa 29 ga Afrilu: gyara

Ba a taɓa bututun gas ba. An kwance kusoshin da ke riƙe da kwamfuresa aka ɗan karkato ta don hannu ya samu wuri, aka cire ƙaramar kusar tsakiyar faifan, faifan ya zaro. A bayansa akwai wasu siraran zobba guda biyu, su ne ke tsai da ratar nan. Dattijon ya sa su cikin murfin kwalba ya sa a aljihunsa, ya ce waɗannan in suka faɗi cikin yashin garaji sai dai wani ya tsince su a lahira. Aka cire zoben kulle, pulin ya fito da ɗan lallashi. Robar da ke rufe bakin boris ta tsage, ciki babu giris sai wani busasshen abu ja, ƙwallayen sun yi tabo.

Ya auna boris ɗin: rami milimita 30, faɗi 52, kauri 22. A shagunan kayan mota na gari an samu abu biyu. Wani ya kawo boris mai girman daidai a farar leda, ba suna ba lamba, sefa 3,500. Wani kuma ya ce a haɗa siraran boris biyu a jera su, ai haka ake yi. Dattijon ya ƙi duka biyun. Hujjarsa ita ce pulin kwamfuresa yana zaune kusa da zafin inji, yana gudu daidai da inji ko fiye, saboda haka giris da robar bakin boris ɗinsa na musamman ne masu jure zafi, abin da ido ba ya gani a leda. Aka ba wani direban Kano saƙo da lambar tsohon, bayan kwana huɗu ya dawo da na kamfanin Japan a kwalinsa, sefa 9,000.

Fitar da tsohon da shigar da sabon an yi su wajen mai tur, wato mai injin fere ƙarfe, da injin matsi, sefa 2,000. Dattijon ya tsaya a kansa don a dafa zoben waje na boris kawai. In aka buga shi da guduma ta zoben ciki, ƙarfin bugun ta kan ƙwallayen yake bi, ya bar musu ƙananan ramuka, sai boris ya fara kuka tun yana sabo. Bayan ya zauna aka dandaƙe bakin pulin a wurare kaɗan don ya riƙe shi kamar yadda kamfani ya yi. Fuskar faifan da ta puli aka goge su da takardar yashi mai laushi.

An samu ɗan tuntuɓe wajen haɗawa. Da aka mai da zobban nan biyu, rata ta fito milimita 0.8, don gogar da aka yi ta cinye ƙarfe. Da irin wannan rata kuloci yana kamawa da safe, amma in naɗin waya ya yi zafi ƙarfin maganaɗisunsa ya ragu sai ya kasa fizgo faifan, mai mota ya ce kilim yana mutuwa da rana. Aka cire zobe ɗaya, siririn, rata ta dawo 0.5 a wurare uku da aka auna. Aka sa bel, aka ɗame shi ya lotsa milimita 9. Aka tada mota. A kashe shiru, a kunne "ƙas" sannan shiru. Ladan dattijon sefa 5,000.

Yankewar kilim a tsaye ba ta tafi da wannan gyara ba, don ba daga puli take ba. Dattijon ya tura shi wajen wani mai sanyi da ke da sikeli. Babban matsi ya nuna bar 23 mota na tsaye. Aka wanke ragar gaba mai huce gas, wadda ƙura da ƙwari da tsinken ciyawa suka toshe, aka zuƙe gas ɗin duka, aka mai da shi bisa awon giram ɗin da ke rubuce a takardar da ke manne cikin kapo. Matsi ya sauko 18, yankewar ta daina. Sefa 10,000.

## Mayu zuwa Satumba

Motar ta ci zafin Mayu tana zuwa Tanut da Magarya kilim a kunne. Bayan mako biyu an sake duba bel, ya ɗan saki zuwa milimita 10, aka mai da shi 9. Ta shiga damina ta ratsa ruwa ba sau ɗaya ba a hanyoyin ƙauye. A ƙarshen Satumba agogo yana nuna 298,900, babu ƙugi da safe, babu da rana.

## Abin da ya fito fili

Kafin a gano ciwon an kashe sefa 16,000 a wurare uku cikin mako goma, ga kasuwa guda da ta wuce. Gyaran pulin kansa ya ci 16,000, gyaran gas 10,000, wanda rabin dalilinsa ɓarnar gwangwanin 5 ga Afrilu ce. Da an bi shawarar canza kwamfuresa da kukan ya tafi, tunda ta hannu tana zuwa da nata pulin, kuma da kowa ya ce mai sanyi ya yi gaskiya. Da an jefar da kwamfuresa mai lafiya an sa wadda ba a san tarihinta ba, a kan kuɗi ninki huɗu.

Boris ɗin ya fara mutuwa tun kafin kowa ya taɓa shi. Ya haura shekara 20 yana juyawa, robar bakinsa ta tsufa, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina. Dattijon ya fi ɗora laifin a kan wankin Juma'a: gazuwal yana narkar da giris, tiyo mai ƙarfi yana tura ruwa ta ƙarƙashin robar, jan garin tsatsar nan kuma shaidar ruwa ce. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne 3 ga Maris. Boris da ke kuka minti uku da safe ya koma mai kuka yini guda cikin kwana uku da ɗame bel, ya kai ga ƙonewa cikin mako shida. Bel da aka ja har ya lotsa milimita 3 maimakon 9 yana danne boris gefe guda dare da rana. Boris ɗin ƙaramin pulin da aka canza ran 19 ga Afrilu ma da gaske ya bushe, kuma bel ɗaya ne ya danne su duka biyun. Sabulun da aka goga bai yi komai ba sai ɓoye muryar kwana biyu.

Garajin farko bai taɓa jin kukan da sanyi ba, bai kuma taɓa juya pulin kwamfuresa da hannu ba, alhali sau biyu bel yana cire a gabansu. Mai sanyi na farko ya yi awo mai kyau, awon ya ce masa lafiya, ya bi kunnensa ya bar agogonsa. Wanda ya fi kusa da gaskiya kafin dattijon shi ne yaron Bakin Birji, kuma sa'ar Alhaji ce motarsa tsohon ƙira ce. A Corolla da suka biyo baya bel ɗaya ne dogo yake juya dinamo da famfon ruwa da kwamfuresa gaba ɗaya. A irinsu ana iya cire shi a tada inji minti ɗaya don saurare, amma ba a tafiya da mota a haka, in kuwa pulin kwamfuresa ya cije a hanya bel ya tsinke, ruwa ya daina zagayawa, allurar zafi ta hau.

Alhaji yana nan yana kai motar wanki ran Juma'a, kapo a rufe. A dubawar ƙarshe dattijon ya ga ɗan danshin mai a wuyan kwamfuresa, bayan faifan, inda robar sandar take, wadda ita ma ta sha zafin ranar Bakin Birji. Gas bai ragu ba tukuna. Ya goge wurin da tsumma, ya ce a dawo da motar farkon Disamba ya sake gani.